Maganin Barci a Cikin Randa

A shekarar da gwamnati ta tattara komatsanta daga Legas ta dawo Abuja, komai a bayan mota yake zuwa. Kujeru, tebura, fayil-fayil, har da kwandon shara, kamar an gaya musu a nan ba a iya saƙa kwando ba. Manyan suka sauka Maitama, inda ko ciyawa da mai ba ta ruwa. Ƙananan aka ce su nemi wurin kwana, suka watsu Dutse Alhaji da Kuje da duk inda aka samu ɗaki mai ƙyaure.

Cikin kayan da aka kwaso har da wani ɗakin gwajin magunguna. Aka zuba shi a hawa na farko na wani bene da ba a gama ba. A ciki ma'aikata na aiki, a samansu magina na aiki, a bayan ginin kuma ana fasa dutse da nakiya don a fitar da titi. Nan Magdalene ta samu aikin shara da wanke kwalabe. 'Yar Gbagyi ce daga wani ƙauye a bayan Kuje, ta haura hamsin, gajeriya, kafaɗarta ta dama ta fi ta hagu faɗi, don su matan Gbagyi a kafaɗa suke ɗaukar kaya, ba sa ɗora wa kai. Ba ta taɓa shiga aji ba, sai yanzu da take share ɗakin masu digiri.

Wadda take yi wa aiki ita ce Madam Rosemary, 'yar Filato, wadda ta daɗe a Legas har Hausarta ta fara tsami. Tun ranar farko Magdalene ta hango wani ruwa shuɗi a 'yar kwalba a bakin taga.

"Madam, rini kike yi?"

"Maganin barci ne, Mama. Na haɗa shi da jan ƙarfe."

"Wa zai sha?"

"Babu wanda zai sha."

"To," in ji Magdalene, ta ci gaba da shara. Ta daɗe da sanin cewa aikin gwamnati ba a cika tambayar dalilinsa ba.

Amma Madam mace ce mai son bayani, ko ba a nema ba. A hankali Magdalene ta gane zancen. Maganin shi ne wanda asibiti ke ba wanda barci ya ƙaurace wa, da masu farfaɗiya. In an narka shi tare da gishirin jan ƙarfe a wani ruwa mai warin giyar ogogoro, sai su kama juna. Abin da Madam ke son sani shi ne yadda suke kamawar. Wai maganin hannuwa gare shi da yawa. Da wanne ya riƙe ƙarfen? Su nawa suka kewaye shi? A shimfiɗe suke kamar tabarma, ko a tsaye kamar duwatsun murhu? Sai an san wannan kafin wani ya yi tunanin ko haɗin zai yi wa mara lafiya amfani.

Ido ba ya gani. Sai wata na'ura a Ingila, 'yar'uwar wadda ake hoton ƙirji da ita. Ita kuma na'urar tsirfa gare ta, ba ta karɓar gari. Ƙwaya ɗaya take so, kamar ƙwayar sukari, mai tsabta, mai santsin fuska, ba tsaga ba tabo. Yadda ake samun ƙwayar kuwa, a zuba haɗin a kwalbar da ba ta fi babban yatsa ba, a rufe bakin da takarda, a huda da allura, a ajiye. Ruwan ya riƙa tafiya kaɗan-kaɗan, ƙwayar na girma a ƙasa.

A Legas saura ƙiris ta samu. Sai aka ce a tashi, motar kaya ta jijjiga kwalaben tun daga can har nan, suka iso kamar kunu. A Abuja ta gwada sau biyar. Kwana biyu ruwan ya ƙafe ƙaf, ya bar mata gari a gindin kwalba, irin bulan wanki. Duk sanda ta sake narka shi sai ya ragu, wani ya koma kore ya lalace. Maganin kuma a kulle yake, sai da takardu ake ba da shi, takardun kuma suna Legas, ko suna hanya, ko suna cikin wani kwali da ba wanda ya san inda aka sauke. Abin da ya rage mata kwalba ɗaya.

Ga kuma Oga Philip, shugaban ɗakin, zai tashi Ingila ranar Juma'ar makon gaba. Wani abokinsa a can ya yi alkawarin ba shi na'urar ta kwana ɗaya. Ya faɗa wa Madam a gaban kowa, ba da mugunta ba, shi haka bakinsa yake: in ya tafi hannu wofi, za a rufe aikin. Shekara uku ke nan tana kansa.

Ranar Talata Magdalene ta same ta tana kallon kwalbar ƙarshe kamar mai jinya.

"Madam, in faɗi magana?"

"Faɗi, Mama."

"A Legas in kin shanya zani, yaushe yake bushewa?"

"Wani lokaci kwana biyu. Me ya kawo zani?"

"A nan kafin ki gama cin abinci ya bushe. Wannan abu naki, iska yana shanye shi da sauri. Kuma kin aje shi bakin taga. Kuma duk sanda mutanen can suka fasa dutse, ruwan yana rawa. Ni na gani. Uwata maginiyar tukwane ce. Ɗanyar tukunya ba a sa ta a rana, a ɗaki mai duhu ake sa ta, a rufe da ganye, in ba haka ba—"

"Mama, na gode. Amma ba tukunya nake ginawa ba. A Legas a bakin taga nake ajiyewa, shekara uku."

"To," in ji Magdalene.

Washegari aka kira Madam Legas. Wai takardar aikinta ba ta iso Abuja ba, a Legas kuma an ce ta tafi, saboda haka sai ta je da kanta su ga tana nan da rai. Ba za ta dawo ba sai Alhamis ta sama, ana gobe tafiyar Oga Philip. Ta rage hudar takardar bakin kwalbar zuwa ɗaya, ta rubuta wani abu da jan biro ta manna a tebur, ta juyo.

"Mama, kin san abin da na rubuta?"

"Na ga dai ja ne."

"Kada a taɓa. Ko ke. Ko shara kada ki yi kusa da teburin nan. Kin ji?"

"Na ji."

Ta ji ɗin kuwa. Ranar ko kallon teburin ba ta yi sosai ba.

Da safiyar Alhamis sai ga wani mai aiki, Hassan, ya shigo da guduma da kurfi da takarda a hannu. An ce ya fasa bango ya sa na'urar sanyaya ɗaki. Ina ne wurin? Daidai gefen tagar, kamu biyu daga kwalbar.

"Ɗana, ka bari sai Madam ta dawo."

"Mama, ga takarda. Yau aka ce. Gobe ina hawa na uku."

"Takarda ce za ta riƙe guduma ko kai?"

"Wallahi Mama in ban yi yau ba, ogana zai cinye ni ɗanye."

Ta je neman Oga Philip, aka ce yana ofishin jakadanci a Maitama yana bin layin biza. Kafin ta dawo Hassan ya buga ɗaya. Ta ga ruwan kwalbar ya yi zobe-zobe kamar an jefa tsakuwa a rijiya.

"Tsaya!"

Ya tsaya, don muryar irin ta kiran yaro daga gona ce.

Magdalene ta tsaya tana kallon jan rubutun. In ta bari, gari za a samu, wannan ba ta shakka. In ta taɓa, ta karya maganar da aka yi mata ido da ido, kuma in abin ya lalace a hannunta ne ya lalace. Da ta bari ma ba wanda zai ce laifinta ne. Ta yi tsaki, ta gyara ɗaurin zani.

A ƙarƙashin matakala akwai wani ɗan sito inda take ajiye tsintsiya da bokiti. Ba taga, ba a ma yi masa daɓe ba, ƙasa ce tsurarta. A nan ta ajiye randar da ta kawo daga gida, don ruwan famfon ginin da zafinsa yake fitowa kamar na shayi. Ta sauka ta juye ruwan randar, ta ɗebo yashin magina ta zuba har rabi, ta yayyafa ruwa, ta danna da tafin hannu, ta yi ɗan gurbi a tsakiya da yatsa. Ta cika ƙwarya da wani yashin, ta hau sama.

Silas mai gadi ya biyo ta. Dogo ne, ɗan kudancin Kaduna, ba abin da ke wucewa a ginin bai sa baki ba.

"Mama, me kike shirin yi? Wannan fa kayan Madam ne."

"Na san ba na ubanka ba ne. Je ka tsaya a matakala, kada kowa ya hau."

Ta sa yatsu biyu ta ɗaga kwalbar, ba ta numfashi, ta dasa ta cikin yashin ƙwaryar. Hassan ya ajiye guduma.

"Kawo in ɗauka miki a ka, Mama. Ni na saba da kwanon siminti."

"A ka? Kai da ko gaisuwa aka yi maka sai ka juya wuya?"

Ta durƙusa, ta ɗora ƙwaryar a kafaɗa, ta tallafe da tafin hannu, ta miƙe a hankali. Wanda bai taɓa ganin 'yar Gbagyi ta sauko dutse da tulu cike ba, ba zai gane ba. Gwiwa ce ke aiki, da ƙugu. Daga kafaɗa zuwa sama kamar an dasa. Matakala ashirin da biyu, ta yi su a lokacin da za a tuƙa tuwo a kwashe. Wani magatakarda ya taho da sauri da fayil, Silas ya tare shi da ƙirji kamar shugaban ƙasa ne zai wuce. Ana saura taki uku aka fasa dutse a baya, ginin ya amsa. Magdalene ta tsaya da ƙafa ɗaya a sama har ƙarar ta mutu, sannan ta sauke ta.

Ta zaunar da kwalbar a gurbinta cikin randa, ta rufe da faifai, ta ɗauke moɗar daga wurin don kada wani mai ƙishi ya yi karambani. Ta kulle siton, ta ƙulle makullin a bakin zani.

"Yanzu je ka fasa bangonka," ta ce wa Hassan.

Daga nan sai jira. Kullum da safe ta buɗe siton a hankali, ta yayyafa wa bayan randar ruwa, ta fito. Ba ta ɗaga faifan. A ɗakin uwarta, yaron da ya ɗaga ganye ya leƙa ɗanyar tukunya sai ya sha dundu, don iskar da ta shiga sau ɗaya ta isa ta tsaga ta.

Amma fa hankalinta ba a kwance yake ba. Yumɓu ta sani, wannan kuwa ba yumɓu ba ne. In laimar ta yi yawa ruwan ya ƙi tafiya gaba ɗaya fa? In sanyin ya mayar da shi koren nan? Ran Lahadi a coci ana waƙa, ita tana lissafin yashi, ko ta jiƙa shi da yawa. Ran Litinin har ta sa hannu a bakin faifan, ta ji sanyinsa, ta janye.

Silas kuwa kullum sai ya tsokane ta.

"Mama, yaya mai jego? An haihu?"

"In an haihu kai za ka yanka rago."

"Ni dai in 'yan sanda sun zo, ban san ki ba. Maganin barcin gwamnati a randa!"

"Kai da kake barci a bakin get ba magani, wa ya kama ka?"

Ranar Alhamis ɗin da Madam za ta dawo, motar Kuje ta mutu a hanya. Suka tura, ta tashi, ta sake mutuwa. Sai wajen ƙarfe goma Magdalene ta iso, ƙafa duk jar ƙasa. Silas ya tare ta tun daga get, yau ba wasa a fuskarsa.

"Mama, yi sauri. Tun takwas Madam ta zo. Ta ga rami a bango, ta ga tebur wayam, ta zauna a ƙasa. Na ce mata yana cikin randa."

"Sai ta ce me?"

"Ta ce in maimaita. Na maimaita sau uku."

A bakin siton ta same su. Oga Philip na tsaye da taye, yana duba agogo, gefensa wani kafinta riƙe da guduma. Madam Rosemary na zaune a kan bulo, ta jingina bayanta da ƙofar siton, jakar tafiyarta a cinya. Ashe Oga Philip ya ce a ɓalle kwaɗon, ita kuma ta ce duk wanda zai buga guduma a ƙofar nan sai dai ya fara da ita.

Ta ɗago ta dubi Magdalene. Idonta ya yi ja.

"Mama, me na ce miki?"

"Kin ce kada a taɓa."

"Sai kika yi me?"

"Na taɓa."

"Kin duba? Akwai wani abu a ciki?"

"Ban duba ba."

"Kwana bakwai ba ki duba ba?"

"Ke da kike dubawa sau goma a rana, me kika samu?"

Oga Philip ya yi tari, ya juya yana kallon bango. Magdalene ta kwance bakin zani ta ciro makulli. Ta sa shi a kwaɗo, ta buɗe.

Siton da sanyi, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Silas ya miƙo tocila. Madam ta durƙusa gaban randar, ta kai hannu, ta dawo da shi.

"Ɗaga, Mama. Ni ba zan iya ba."

Magdalene ta ɗaga faifan. Kwalbar na zaune inda ta bar ta. Ruwan ya sauka zuwa rabi, bai ƙafe ba, bai yi kore ba. Madam ta haska gindin kwalbar ta gefe, sai wani abu ya yi ƙyalli. 'Yan ƙwayoyi ne shuɗaye masu duhu, ba su fi bakwai ba, kowace da kusurwoyinta kamar an yanka da reza.

"Yesu," in ji Madam, a hankali.

"An samu?" in ji Oga Philip daga ƙofa.

"Ban sani ba tukuna. Kada kowa ya motsa. Silas, hau ka sauko min da madubina. Da hannu biyu!"

Aka sauko da madubin da take duba ƙananan abubuwa, aka ɗora a kan bulo a bakin ƙofa inda hasken rana ke faɗowa. Ta tsamo ƙwaya ɗaya da bakin allura, ta sa ido.

"Wannan ta tsage."

Ta tsamo ta biyu. "Wannan tagwaye ne, biyu suka manne. Na'urar ba za ta karɓa ba."

Magdalene ta jingina da bango. Ta shiga karanta addu'ar da ta zo bakinta, rabi da Hausa rabi da Gbagyi.

Ta uku Madam ta daɗe a kanta. Ta juya ta da allura, ta sake juyawa, ta goge ido da bayan hannu, ta sake dubawa. Sannan ta matsa gefe.

"Oga, zo ka gani."

Oga Philip ya tattare wando ya durƙusa a ƙasa da tayensa. Ya duba, ya ɗago, ya sake dubawa.

"Rosemary, wannan ai ko a Ingila sai a yi mata hoto a rataye."

Sai Madam ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, ta kama hannun Magdalene ta riƙe gam. Silas ya fita tsakar gida yana shela wa magina an haihu, su kuma suka yi ta barka ba su san ta mene ne ba.

"Zo ki gani, Mama."

Magdalene ta sunkuya, ta rufe ido ɗaya. Da farko gashin idonta kawai ta gani. Can sai ga shi, wani dutse shuɗi garai-garai, ya cika wurin, haske na ratsa shi, gefunansa a miƙe kamar an ja da zare. Ta ɗago ta dubi bakin allurar, inda abin bai kai ƙwayar gero ba. Ta sake sunkuyawa.

"A cikin wannan ne suke riƙe da juna?"

"A ciki. Dubu-dubai, kowane a layinsa. Don a hankali suka zauna, shi ya sa suka jeru."

"To, Allah ya sa su faɗa wa Bature gaskiya."

Aka samu masu kyau uku cikin bakwai. Madam ta sa su a 'yar kwalba da ɗigon ruwansu don kada su bushe a hanya, ta naɗe da auduga, ta sa a gwangwanin alewa. Oga Philip ya zura a aljihun ƙirji, ya ce ko a jirgi ba zai cire kwat ɗin ba. Ya hau sama yana taka matakala kamar mai ciwon baya.

Madam ta zauna a kan bulon, ta sauke numfashi mai tsawo, ta tuɓe takalmi. Can ta buɗe jaka ta ciro littafin da take rubuta duk abin da ta yi a aiki.

"Dole in rubuta yadda aka yi, don wani ya iya maimaitawa. Yashin, yaya yawansa?"

"Rabin randa."

"Ruwa fa?"

"Yadda in kin dunƙula zai kama, amma ba zai ɗiga ba."

Madam ta ɗan tsaya, ta rubuta hakan. "Randar kuma, me zan ce? Girmanta, irinta?"

Magdalene ta ɗauki tsintsiyarta, ta buga gindinta a tafin hannu.

"Ki rubuta ta Kuje ce. Kada wani ya je ya sayo ta bakin titi mai fenti, ya ce mun yi masa ƙarya. Ɗaga ƙafarki, 'yata, tun jiya ban share nan ba."